Godiya bayan kammala ƙaura zuwa sabon Configuration Manager

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki.

Alhamdu lillahi, an kammala kwashe bayanai daga tsohon System Center 2012 R2 Configuration Manager, manhajar Microsoft da ake kula da kwamfutocin ma'aikata da ita daga wuri ɗaya, zuwa sabon zubin da ake sabuntawa a kai a kai, kuma kwamfutocin ma'aikata sun koma ƙarƙashin sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Wa'adin tallafin tsohon zubin ya ƙare tun 12 ga Yulin 2022, don haka ƙaurar ta zama dole. Mu 'yan sashen kula da kwamfutoci muna godiya ga duk wanda ya sa hannu, kuma za mu faɗi abin da aka yi dalla-dalla, domin irin wannan aiki ba a ganinsa, sai dai a ga ɓarnar rashinsa.

Godiyar farko ta shugabanni ce, da suka amince a gina sabon tsari gefe da gefe da tsohon, maimakon a ɗora sabon zubi a kan tsohuwar saba. Ya fi tsada, amma shi ya ba mu damar zaɓar abin da za a ɗauka, da kuma wurin komawa idan wani abu ya ƙi. Sabon tsarin ya samu sabuwar lambar shaida ta haruffa uku. Ba a maimaita tsohuwar, saboda duk abin da aka kwaso yana zuwa ne da lambarsa ta asali, wadda haruffan tsohon tsarin ke farkonta. Idan aka maimaita, lambobi za su yi karo.

Injiniyoyin hanyar sadarwa, Allah ya saka muku da alheri. Kafin sabuwar saba ta iya karanto komai, sai da kuka buɗe ƙofofin sadarwa masu lamba 135 da 445 a katangar tsaro, da wadda SQL Server, manhajar rumbun bayanai, ke amfani da ita, wato 1433 idan ba a sauya ta ba. Inda mutane da yawa ke makalewa shi ne ƙofofin RPC (hanyar da kwamfuta ke sa wata ta gudanar da aiki) masu sauyawa, daga 49152 zuwa 65535: za a ga an gaisa a ƙofa ta 135, daga nan sai shiru. Ku kuka tuna da su tun kafin a fara. Haka masu kula da rumbun bayanai, da suka ba asusun ƙaura izinin haɗawa da karantawa da gudanar da umarni kawai, ba ikon komai da komai ba. Mun ji daɗin wannan tsantseni ƙwarai.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu haɗa manhajoji. Aikin ƙaura yana ɗauko bayanin manhaja ne, da inda aka ce ainihin fayilolinta suke, amma ba ya ɗaga fayilolin daga wurinsu. Manhajar da aka rubuta tushenta da harafin faifai na cikin tsohuwar saba, sabuwar ba za ta gan ta ba, sai an mayar da shi cikakken adireshin babban fayil da aka raba a hanyar sadarwa. Wadda kuma adireshinta yake daidai amma yana nuni ga tsohuwar saba, za ta yi aiki lafiya lau har ranar da aka kashe sabar, sannan a nemi sabunta ta a tarar babu tushe. Wannan ta biyun ta fi haɗari, don ba ta nuna alama da wuri. Kun bi su ɗaya bayan ɗaya, kun kwashe fayilolin zuwa sabon ma'aji, kun gyara adireshi, kun kuma ware manhajojin da aka daina amfani da su don kada a jido shara zuwa sabon gida. Ba mu da abin biyanku.

Sai rukunonin kwamfutoci. Rukunin da ke tara mambobinsa ta hanyar tambaya, wato sharaɗin bincike da aka rubuta masa, yana iya kumbura a sabon tsari idan babban rukunin da yake zaɓo mambobinsa daga ciki ya sauya, wanda kuma tambayarsa ke ɗauke da tsohuwar lambar haruffa uku yana iya zama fayau. Idan akwai umarnin dole na sake ɗora Windows a kan rukunin da ya kumbura, to kwamfutocin da ba a nufa ba za a goge. 'Yar uwarmu da ta dage sai an kwatanta yawan mambobin kowane rukuni a tsohon da sabon kafin a kunna kowane umarni, mun gode. Gaskiyarki ce.

Masu facin tsaro, wato gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar manhajoji, sun daidaita WSUS, manhajar da ke sauko da faci daga Microsoft, na sabon tsari da irin kayayyaki da rabe-rabe da harsunan da ke tsohon, suka jira ya gama saukar da jerin kafin a kwaso rukunonin faci, domin facin da sabon bai sani ba ba ya ƙaura.

Ma'aikatan teburin taimako da na rassa, ku kuka tsaya a lokacin mayar da kwamfutoci. An yi shi kashi-kashi ne, saboda tarihin ƙididdigar kayan kwamfuta ba ya bin ta, kowace sai ta aiko da cikakken bayaninta daga farko, kuma idan aka sako su gaba ɗaya layin reshe zai cushe. Kun kuma sa ido kan iyakokin adireshin hanyar sadarwa, waɗanda ke nuna tsarin da kwamfuta za ta shiga, don kada tsohon da sabon su yi iƙirarin yanki ɗaya, sabuwar kwamfuta ta faɗa inda ba a so. Ga sauran ma'aikata da aka roƙa su bar kwamfutocinsu a kunne bayan tashi daga aiki, mun gode da haƙurinku.

Rahotanni ba sa ƙaura da kansu. Waɗanda suka fitar da su ɗaya-ɗaya a matsayin fayilolin RDL, masu ɗauke da tsarin rahoto, suka shigar a sabon, suka gyara mahaɗar rumbun bayanai, sun taimaki ofishin binciken kuɗi da na tsaro.

A ƙarshe, godiya ta musamman ga waɗanda suka hana a yi gaggawar rufewa. Sabon tsari yana leƙa tsohon duk bayan awa 4 yana tattaro bayanai, kuma muddin yana haka, kwamfutocin da suka ƙaura suna iya ɗaukar manhaja daga tashoshin rarrabawa na tsohon, wato sabobin da ke raba wa kwamfutoci manhajoji. Da zarar an dakatar da tattarawar, wannan aron ya ƙare. Saboda haka sai da aka mayar da kowace tasha ƙarƙashin sabon tsari, waɗanda ke kan saba ɗaya da wasu ayyuka kuma aka gina musu madadi tunda ba a iya mayar da su, aka duba migmctrl.log, fayil ɗin da ke rubuta yadda ayyukan ƙaura suka gudana, aka ga babu aikin da ya faɗi, sannan aka dakatar.

An adana kwafin tsohon rumbun bayanai. Duk wanda ya nemi wata manhaja ko rahoto bai gani ba, don Allah ya sanar da teburin taimako, ya faɗi sunanta da kwamfutar da yake kai. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara mana haɗin kai.