Abin da na koya a bakin tankin oksijin

Na ajiye aiki a wata cibiyar masu cutar jijiyoyi ta multiple sclerosis (MS) da ke arewacin Ingila, inda na daɗe ina kula da tankin oksijin, kuma da yake 'yan'uwa ma'aikatan jinya da muka fito daga gida suna yawan tambayata ko irin wannan aiki zai karɓe su, na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Duk wanda ya yi jinyar masu wannan cuta ya san halinta: garkuwar jiki ce ke afka wa rufin da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya ƙi riƙuwa, gajiya ta zama abokiyar zama. A wurin yawancin marasa lafiya tana tasowa ne ta lafa da kanta, kuma wannan hali nata shi ne tushen rigimar da ta raba ni da aikina.

Tankin na ƙarfe ne, yana ɗaukar mutane da dama a zaune. Mukan rufe ƙofa, mu ƙara matsin iska har ya kai ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu na wanda muke shaƙa a waje, kowa ya ɗaura takunkumi ya shaƙi tsantsar oksijin na kimanin awa guda. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙaramar tagar gilashi, ina kallon fuskokinsu, ina tuna musu su riƙa haɗiyar yawu don kada kunne ya toshe, bayan na tabbatar babu wanda ya shiga da ashana ko man shafawa, domin oksijin da wuta ba sa ga maciji.

Ba yaudara ce ta kafa waɗannan cibiyoyi ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A farkon shekarun 1980 babu maganin da ke rage tasowar cutar, domin sai a 1993 aka amince da allurar intaferon a Amurka. A 1983 Dakta Boguslav Fischer da abokan aikinsa a New York suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 40, inda 12 cikin 17 da suka kammala shaƙar oksijin suka sami sauƙi, alhali mutum 1 kaɗai cikin 20 ya samu a ɗaya rukunin, wanda aka yi wa maganin bogi don a kwatanta. A Dundee kuma Dakta Philip James, masanin lafiyar masu nutso a teku, ya goyi bayan hanyar da ƙarfinsa. Marasa lafiya da iyalansu suka tara kuɗi da guminsu suka sayi tankuna. Sai dai gwajin da aka yi a Newcastle da mutum 120, wanda aka wallafa a 1985, bai ga wani bambanci a nakasar jiki ba, kuma a 2004 da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, suka haɗa gwaje-gwaje 9 masu ɗauke da mutum 504, sun ce babu hujja tsayayya da ke nuna amfaninsa. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ba ta ba da shawarar amfani da shi ga masu MS ba, haka ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da shi ga wannan cuta ba, duk da cewa ingantaccen magani ne ga wanda ya shaƙi hayaƙi mai guba irin na janareta, da mai nutson da ya taso da gaggawa, da wasu gyambunan masu ciwon sukari.

Wata rana wata matashiya mai 'ya'ya ƙanana, wadda ba ta daɗe da sanin tana da cutar ba, ta tsayar da ni bayan an buɗe tanki. Ta ce tun da ta fara shiga, ƙafarta ta saki, saboda haka tana tunanin ɗage fara maganin da likitan jijiyoyi ya rubuta mata, domin tana tsoron illarsa. Ta tambaye ni gaskiyar abin da bincike ya nuna. Na gaya mata cewa sauƙin da take ji na gaske ne, amma cutar takan lafa ko an shiga tanki ko ba a shiga ba, cewa manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar tankin yana tsayar da ita ba, kuma jijiyar da ta lalace a lokacin jira ba lalle ba ne ta dawo. Na roƙe ta kada ta yanke shawara sai ta koma wurin likitanta.

Kafin mako ya zagayo manajan cibiyar ya kira ni ofishinsa ya miƙa mini takardar gargaɗi. Laifina, a cewarsa, shi ne na wuce gona da iri, na karya wa marar lafiya gwiwa, na kuma zubar da mutuncin cibiyar a idon masu ba ta tallafi. Bai tambaye ni ko abin da na faɗa ƙarya ne ba, domin ya san ba ƙarya ba ne. Takardun cibiyar da kansu ba su taɓa cewa tankin yana warkarwa ba, amma ya fi son a bar mutane su zaci haka da kansu, mu kuma mu yi shiru. Aka ɗauke ni daga tankin aka mayar da ni teburin rajista, aka ɗora a wurina wanda ni na koya wa aikin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan bai taɓa jinyar kowa ba, amma shi ne ya zauna yana karanta mini iyakar aikin ma'aikaciyar jinya, alhali ƙa'idar aikinmu ta wajabta mana gaya wa marar lafiya gaskiya gwargwadon hujjar da ake da ita. Har yau ban ga inda na yi kuskure ba, kuma matar ta fara maganinta.

Sauran darussan ba su da tsawo. Yawancin alherin da mutane ke samu a wurin yana fitowa ne daga gashin ƙashi, da motsa jiki, da zama da waɗanda suka san ciwonka ba sai ka yi bayani ba, kuma wannan bai cancanci raini ba. Wanda ya ce fitsarinsa ya fi riƙuwa bayan ya fito daga tanki, a saurare shi, a rubuta, kada a yi masa gardama. A riƙa duba kunne da ido, domin matsin yana iya ji wa dodon kunne ciwo, yawan shiga kuma yana iya rage ganin nesa na ɗan lokaci. Wanda zai karɓi aiki a irin wannan cibiya, ya tambaya tun ranar ganawa abin da aka yarda ya faɗa idan marar lafiya ya nemi sanin sakamakon bincike, kuma ya nemi a ba shi amsar a rubuce kafin ya sa hannu.