Tsagewar da ta dawo a jikin Lotus Elan

Shekarun da na yi ina yaron shago a wajen wani fanal bita, kafin karatu ya kawo ni Ingila, sun koya mini cewa jikin mota guduma yake ji, kuma abin da guduma ta bari fila ce, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, take rufe shi. Da wannan ilimin na tunkari tsohuwar Lotus Elan ta maƙwabcina, wani dattijo da ya fi kula da ita fiye da lafiyarsa, kuma da shi na ɓata masa aiki a karon farko.

Elan ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu, wadda kamfanin Lotus, wanda Colin Chapman ya kafa, ya fara fitarwa a 1962. Ƙashin bayanta ƙarfe ne, amma gangar jikinta faiba ce, wato zaren gilashi da aka jiƙa da danƙon rezin har ya daskare, shi ya sa nauyinta bai wuce kusan kilo 700 ba. Faiba ba ta tsatsa, kuma ba ta lotsewa. Idan ta sha bugu ko ta gaji da lanƙwasa, tsagewa take yi. A motar dattijon, tsagewar ta fito kusa da fitilar gaba ta hagu, siririya kamar gashi, ta bazu daga wuri ɗaya tamkar saƙar gizo-gizo.

Na goge wurin da samfefa, na shafa fila, na fesa fenti, wuri ya yi sumul har ni kaina na yaba wa kaina. Bayan wata uku sai ga shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, bai ce komai ba, ya dai ja ni zuwa gareji ya haska tocila a kaikaice. Saƙar gizo-gizon nan tana nan a inda take, layi bisa layi, kamar ban taɓa sa mata hannu ba.

Dalilin kuwa shi ne, tsagewar ba a fenti take ba. A ƙarƙashin fenti akwai wata fata ta rezin zalla marar zare, mai tauri da saurin karyewa, kuma ita ce take tsagewa idan faibar da ke ƙasanta ta motsa. Fila ba ta da zaren da zai riƙe bakin tsaga biyu, saboda haka duk lokacin da mota ta faɗa rami, ko sanyi da zafi suka yi musaya, tsagar takan buɗe ta keto abin da aka lulluɓe ta da shi.

A karo na biyu sai da na danne zuciyata, domin gyaran gaskiya yana farawa ne da ƙara girman raunin. Na sa giranda na cinye fenti da fatar nan har na isa zaren, na kuma wuce ƙarshen kowace tsaga da kamar faɗin yatsu biyu, ina kwantar da gefen ramin a hankali ya zama gangare maimakon gaɓa, don sabuwar faiba ta sami fili mai faɗi da za ta kama. Tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba ta koma faci mai faɗin tafin hannu biyu. Dattijon ya leƙo, ya ga abin da na yi wa motarsa, ya juya ya tafi haɗa shayi.

Bayan na share ƙura na wanke wurin da asiton, wani sinadari mai cire maiƙo, na haɗa rezin da ruwan da ke daskarar da shi, kashi 2 cikin 100. Wannan ruwan mugu ne, ɗigo ɗaya a ido yana iya makanta mutum, don haka tabarau da safar hannu da takunkumi wajibi ne. Ƙurar faiba kuma ƙaiƙayinta ya fi na ƙaiƙayin gero. A bayan bangon jikin motar, inda tsaga ɗaya ta ratsa gaba ɗaya, na shimfiɗa tabarmar zare hawa biyu, a gaba kuma na sa mai laushi irin ta farin gyale. Ba shafa rezin ake yi kamar fenti ba, dangwala shi ake yi da bakin buroshi har farin zaren ya koma garau kamar ruwa, kuma duk inda fari ya rage, iska ce ta maƙale, a nan ne aikin zai sake karyewa. Gwangwanin farko ya yi zafi a hannuna ya daskare kafin in kai rabi, domin na haɗa da yawa lokaci ɗaya.

Sanyin garejin ma ya so ya hana ruwa gudu, tunda rezin ba ya daskarewa da kyau idan zafi ya gaza digiri 15, sai da muka kunna hita tun da asuba. Da faci ya yi tauri na daidaita shi da samfefa a kan katako, sannan fila ta shigo, ƴar kaɗan, don cike ƙananan ramuka kawai. Ban yarda an yi fenti nan take ba, saboda rezin yana ci gaba da tsukewa na makonni, kuma shatin facin zai iya fitowa daga baya. Motar ta yi wata guda da tabo mai ruwan toka a goshinta, kuma a cikin wannan jiran ne dattijon ya gano wata sabuwar tsagar a gindin hannun ƙofar direba, wadda muka sa ranar Asabar mai zuwa don mu buɗe ta.