Yadda haruffa masu lanƙwasa suka riƙa karya sa hannun imel ɗinmu

Ni ne mai kula da imel na wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a Gombe, kuma a farkon 2024, lokacin da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu ga masu aika saƙonni, na kunna tsarin DKIM a sabarmu, wato kwamfutar da ke aika imel ɗinmu, domin kowace wasiƙa ta fita da sa hannun lantarki. Ba a jima ba sai mambobi suka fara ƙorafi cewa sanarwar farashin masara da wake tana faɗawa akwatin tarkace. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasiƙun Turanci suna wucewa lami lafiya, na Hausa ne kawai ake cewa sa hannunsu bai inganta ba, alhali mabuɗi ɗaya ne ya sa musu hannu.

Da na buɗe ainihin saƙon a Gmail, sai na ga bayanin cewa lissafin jikin wasiƙa bai dace ba. DKIM ba ya duban ma'ana, bayit-bayit (ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye rubutu da su) yake bi ya lissafa da wata dabarar lissafi mai suna SHA-256, ya rubuta sakamakon a gurbin bh= na kan wasiƙa, mai karɓa kuma ya sake lissafawa ya kwatanta; bayit ɗaya ya sauya, magana ta ƙare. Na ajiye kwafin da ya bar sabarmu kusa da wanda ya isa, na bi su layi-layi. A namu, harafin ƙ yana nan a matsayin bayit biyu na UTF-8, tsarin da ke mayar da haruffa bayit, amma a wanda ya isa ya koma =C6=99, ɗ ya koma =C9=97, an kuma kakkarya layukan yadda ba wanda ya wuce haruffa 76. Mai karatu ba zai ga bambanci ba, domin manhajarsa tana mayar da komai daidai.

Asalin matsalar tsohuwa ce. An gina hanyar aika imel a kan ASCII, mai alamomi 128 kacal, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Wasiƙunmu suna bi ta wata saba ta tsakiya mai tace ƙwayoyin cuta, ita ce take juya rubutun zuwa tsarin quoted-printable, mai rubuta irin waɗannan haruffa da alamomin ASCII kamar =C6=99, bayan an riga an sa hannu. Na gwada sassauta DKIM zuwa yanayin relaxed, bai yi amfani ba, saboda sararin da ke tsakanin kalmomi da na ƙarshen layi kawai yake yafewa.

Sakatarenmu ya ce, “Malam, me zai hana mu daina sa lanƙwasar nan mu huta?” Na ce masa, “Alhaji, a yi haƙuri, ba za mu gurgunta rubutun harshenmu don gazawar na'ura ba.” Har yanzu ina kan wannan ra'ayi, musamman da yake ƙa'idar DKIM kanta, RFC 6376 ta 2011, ta ba da shawarar a juya saƙo zuwa tsarin bit 7, wato alamomin ASCII zalla, kafin a sa masa hannu. Haka na yi: na umarci manhajar da ke haɗa sanarwar ta fitar da ita a quoted-printable tun daga tushe, tare da ayyana UTF-8 a kan wasiƙa, sannan na mayar da sa hannu ya zama aiki na ƙarshe kafin saƙo ya bar hannunmu.

Wannan ayyanawar ta warware wata damuwa ta daban, domin a wasu tsofaffin kwamfutoci ƙ yana fitowa a matsayin Æ™, alamar an karanta UTF-8 da tsarin Windows-1252. Yanzu duk lokacin da aka taɓa saitin saba, saƙon gwajin da nake aikawa na Hausa ne, mai ɗauke da haruffan huɗu da dogon sakin layi, domin gwaji da Turanci zalla ba zai taɓa tona wannan matsala ba.