Talata: Muryata a Wayar Wani

Da hantsi wani yaro ya kawo waya rumfarmu a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ya ce sifikarta ta daina magana. Na kwance, na canja, na kunna abin da ya fara zuwa hannuna don gwaji. Sai na ji muryata. Waƙar da na yi bara ce, wadda na rubuta wa abokina da ƙwaya ta ɗauke mana a Kurna. Hannuna har rawa ya yi.

Da na duba sunan da ke jikinta, ashe sunan wani fitaccen mawaƙi aka liƙa mata. Yaron ya ce wajen masu tura waƙa aka zuba masa a memori, kuma duk 'yan majalisarsu sun haddace baiti na biyu. Na ce masa ni na yi ta. Ya dubi sukurdireban da ke hannuna ya ce, "Haba Yaya, wasa kake." Ban yi musu ba. Na kashe wayar, na jero masa baitin tun daga farko, har wurin da numfashina ke yankewa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambaye ni sunan mamacin.

Wannan tambayar ce ta tsaya mini a ƙirji duk yini. Shekara bakwai ina wannan harka ta waƙar hip-hop, ban taɓa jin wani ya tambayi mutumin da ke cikin waƙar ba.

Bayan Magariba na hau Adaidaita zuwa situdiyo a Titin Gidan Zu. An ɗauke wuta, muka haɗa kuɗin man janareta mu uku. Mai haɗa mini kiɗa ya sake kawo maganarsa ta kullum: in yi nanaye ko ta soyayya, wadda 'yan mata za su hau a TikTok, a kira ni biki. Ba ƙarya yake yi ba, can kuɗin yake, shi ma yana da iyali. Amma ni ba don haka na shigo ba. Ana ce mana kayan Amurka muka ɗauko, kuma gaskiya ne a Bronx ta birnin New York aka faro hip-hop a 1973, cikin unguwar talakawan da aka manta da su. To amma kakana ya sha ba ni labarin 'yan gambara a kasuwa, yadda suke zubo magana a guje da habaici har mai laifi ya sunkuyar da kai. Mu ma muna da namu tushen. Kuma a garin nan mawaƙin hip-hop Ziriums ya yi "Girgiza Kai", Hukumar Tace Finafinai ta hana jin ta, mutane suka ci gaba da tura wa juna ta waya.

Na ce masa a buɗo tsohuwar waƙar. Na shiga ɗakin naɗa murya, na faɗi sunan abokina da na unguwarsu, sannan nawa, a kan kiɗan kansa, inda ba mai iya yankewa sai ya ɓata waƙar. Sau huɗu na yi kafin muryata ta tsaya. Da daren nan zan ɗora ta a manhajar sauraron waƙa ta Audiomack.

Na iso gida sha ɗaya ta wuce. Umma ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta ce, "Auta, yau ma can ka tsaya?" Na ba ta labarin yaron. Ta yi wa mamacin addu'a, ta ce gobe in biya in gaida mahaifiyarsa kafin in wuce kasuwa.