Kafin ka rushe hujjar wani, ka fara jin ta daga bakinsa

Ina aji shida na sakandare a Kano lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Gari ya ɗauka, kowa da abin da yake faɗa. Malaminmu na Hausa ya ga dama ta samu, sai ya ba mu insha'in muhawara a kai, don share fagen jarrabawar NECO.

Na goyi bayan hanin. Na kawo maganar 'yan bindigar da ke harbi a kan babur su ɓace cikin cunkoso, na kawo masu karaya da ake kwasa zuwa asibitin ƙashi na Dala. Da na zo kan masu adawa kuwa, layi biyu na ba su. Na ce mutane ne da ba su damu da zaman lafiya ba, son ganganci ne kawai ya rufe musu ido.

Takardata ta dawo da jan biro a gefen layukan nan: "Wa ka ji ya faɗi haka?" Na je na same shi. Ya ce, "Kai ka ƙera abokin faɗanka da kara, sannan ka ture shi. Akwai ɗan acaɓa a unguwarku?"

Akwai. Wani dattijo ne a layinmu, na tarar da shi bayan la'asar a ƙofar gida, babur ɗin a jingine an lulluɓe shi da tsohon buhu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sa ba ku son wannan doka?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, ni ma tsoron harbin nake yi, a titi nake wuni. Amma da wannan nake cefane. Kuma ka dubi lungunan cikin gari, wanne A Daidaita Sahu zai shiga ya ɗauko mai naƙuda da tsakar dare? Mutum nawa suka yi laifin, mutum nawa aka hukunta?"

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta cikin takardata. Ashe ban amsa wa kowa ba.

Ƙannena masu rubutu, abin da na koya a ranar shi nake so ku riƙe. Idan za ku kawo ra'ayin da ya saɓa wa naku, ku nemo hujjarsa mafi nauyi, wadda ku kanku take ba ku tsoro, ku rubuta ta yadda mai ita zai ji ya ce haka yake nufi. Wanda ya zauna a zaure ya san salon nan a littattafan malamai: "Idan aka ce kaza, sai mu ce kaza." Ba sa rage wa tambayar ƙarfi kafin su amsa. Abin da yake gaskiya a ciki ku amince da shi a fili, da kalmomi irin su "gaskiya ne cewa", kafin "sai dai" ta biyo baya. Kalmomin "jahilai" da "maƙiya ci gaba" kuwa ku bar su, domin mai karatun da kuke son jawowa wataƙila yana cikin waɗanda kuka zaga.

Akwai kuma kuskuren da na faɗa daga baya, a jami'a: na riƙa yi wa ɗaya ɓangaren shimfiɗa har aka kasa gane inda na tsaya. Sakin layi ɗaya mai ƙwari ya ishe su, bayan kun kafa naku hujjojin, sannan amsa ta zo nan take.

Na sake rubuta insha'in. Ban sauya matsayi ba, amma na yarda dokar ta taɓa tukunyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, na ce wajibi ne a samar musu wata sana'a, sannan na bayyana dalilin da ya sa nake ganin ceton rai ya rinjaya. Kafin in miƙa wa Malam, na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka faɗi tawa daidai. Amma fa har yanzu ban yarda da kai ba."