Ayaba ce ko agada? Yadda ake gane ta gida, da lokacin sara, da hanyar ci

A gidajen Kano da yawa za ka tarar da gindin ayaba a bakin makwarara ko bayan madafi, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Galibi tsiro ne aka roƙo wurin maƙwabta aka dasa, ba wanda ya tambayi irinsa. Sai bayan wata goma ko shekara, ta fitar da kai, sannan a fara gardama: wannan ta ci ce ko ta suya? Wasu su ɓare ta ɗanya su ji bauri su ce iri ne marar kyau, alhali agada ce, wadda 'yan kasuwa ke kira filanten, kuma wuta take buƙata.

Kafin ta haihu, gane ta sai mai ido. Abin da za a duba shi ne kwarin da ke bin tsakiyar hannun ganye, wato inda ganyen ya haɗu da jiki. A ayaba irin wadda ake kawowa kasuwar 'Yan Lemo, kwarin a buɗe yake, kuma jikinta na da dabbare-dabbare baƙi. A agada gefen kwarin ya fi tsukewa, jikin kuma kore ne mai haske. Wannan alama ce kawai, hukunci sai 'ya'ya sun fito.

Ɗan agada dogo ne, mai kauri, yana da kusurwoyi a jikinsa, bakinsa ya yi tsini, ɓawonsa kuma ba ya ɓaruwa da hannu idan ɗanye ne. Idan aka yanka, cikinsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Kan agada ba ya tara nono (wato jerin 'ya'yan da ke haɗe wuri ɗaya) da yawa, sau da yawa biyar zuwa bakwai ne, kuma a irin da ya fi yawa a Najeriya jan furen nan da ke rataye a ƙasa yakan bushe ya ɓace kafin 'ya'yan su ƙosa. Ayaba kuwa nonnanta sun fi yawa, 'ya'yan sun fi ƙanana da santsi, cikinta fari, furenta yana nan rataye har ranar sara.

Akwai ta uku da ke rikita mutane: gajera, ƙatuwa, mai kusurwa sosai, bakinta a dakushe. Ita ce ta fi jure ƙishirwa, shi ya sa take rayuwa a tsakar gidan da sauran ke mutuwa. Ana iya cin ta idan ta nuna lugub, tana da ɗan tsami, amma ta fi daɗi a dafe ko a soye. Wanda ya same ta ya ɗauke ta a matsayin agada, ba zai yi nadama ba.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin sara. Ƙosawa daban, nuna daban. Ayaba a jikin uwarta take ƙosawa, amma a ƙasa ake so ta nuna. Idan aka bar ta har ta yi rawaya a sama, ɓawon yakan tsage, tsuntsaye da jemagu su riga ka. Daga fitowar fure zuwa ƙosawa wajen wata uku ne. Idan ya faɗo cikin hunturu, ƙara mata makonni, don sanyin Disamba da Janairu yana tsayar da girmanta. Alamar ƙosawa ita ce kusurwoyin jikin ɗan su cike su zagaye, koren ya dishe, busasshen furen da ke bakin kowane ɗa ya rinƙa karyewa da an taɓa shi. Agada ba ta rasa kusurwa gaba ɗaya, saboda haka a duba cikar ta. Wadda aka sare tun ba ta ƙosa ba, za ta yi laushi, amma zaƙi ba zai zo ba har ta ruɓe.

Da zarar nono na ƙarshe ya buɗe, a yanke jan furen, a bar kamar taƙi ɗaya na sandarsa a ƙasa. A tokare jikin da gwafa, don kan yana da nauyi kuma iskar farkon damina ba ta da sabo. Ranar sara mutum biyu ake so: ɗaya ya ɗan sari jikin da adda daga sama har ya rusuna a hankali, ɗaya ya tare kan kada ya bugi ƙasa. Duk inda ya bugu nan zai fara baƙi. A sa tsofaffin kaya, domin ruwan da ke tsatsafowa daga yankan tabonsa ba ya fita, ko da wane irin sabulu. Jikin da ya haihu ba zai sake ba, sai a sare shi a daddatsa a zuba a gindin ya zama taki. A bar tsiro biyu kacal, babba da ƙarami, a zaɓi masu siririn ganye kamar takobi. Masu faffaɗan ganye tun suna ƙanana ba su da ƙarfin saiwa.

Wajen nunarwa, a rarraba nonnan a jera a kwali ko buhun algarara, a saka nunanniyar ayaba ɗaya ko mangwaro a ciki, a rufe a ajiye a inuwa. Iskar da nunannen ke fitarwa ita ke ta da sauran, cikin kwana uku zuwa shida. Kada a ɗaure a leda, gumi zai sa ta ruɓe. Kada kuma a kusanci sinadarin nan na masu walda da ake kira kabayid. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana nunar da 'ya'yan itace da shi. Firiji ma ba wurin ɗanyar ayaba ba ne, ɓawon zai yi baƙi cikin ya ƙi nuna.

Wani abu da zafin Kano ke yi: a watan Maris zuwa Mayu ayaba takan nuna tana kore. Zafi idan ya yi yawa, koren ɓawon ba ya bajewa, alhali ciki ya yi laushi ya yi zaƙi. Mai jiran rawaya sai ya tarar ta narke. A bazara a matsa ta da yatsa kusa da wuya, a shinshina. Agada ba ta da wannan hali, ita tana yin rawayarta ko da zafi.

Agada kowane mataki da girkinsa. Ɗanya ta fate ce: a shafa mai a hannu da wuƙa saboda danƙo, a yanke kai da gindi, a tsaga ɓawon ta kan kusurwa, a ɓanɓare da babban yatsa. A yanka a zuba cikin ruwan gishiri kada ta yi duhu. Guda huɗu sun isa mutum uku, da manja ludayi ɗaya, albasa, attarugu, busasshen kifi, minti ashirin zuwa ashirin da biyar a wuta, alayyafo daga ƙarshe. Masu ciwon suga su lura, ɗanyar agada abinci ce mai sitaci, ba magani ba, a ci da awo.

Wadda ta fara rawaya amma da sauran tauri ita ce ta gashi a kan gawayi, a ci da gyaɗa. Ta suya kuwa sai ta yi rawaya da ɗigon baƙi. A yanka a karkace, kaurin rabin yatsa, a jefa ɗaya a mai a gwada: idan ta nutse shiru, man bai yi zafi ba, za ta sha mai, idan ta yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa, sukarinta ne ya ƙone ciki bai dahu ba. Minti biyu zuwa uku kowane gefe, kuma kada a cika kaskon. Wadda ɓawonta ya yi baƙi ƙirin ba ta lalace ba muddin babu tsami ko fumfuna. A dame ta, guda biyu da fulawa kofi ɗaya da yis ƙaramin cokali, a bari ta tashi minti arba'in, a soya kamar fanke, ba sai an ƙara sukari ba.