Gangara ce ke karya mai gudu a duwatsun Adar

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, ko a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ko a kan tsauni. Amma wanda ya saba zagaye filin wasa na Seyni Kountché a Yamai, ranar da ƙungiyarsu ta kai shi Adar a jihar Tawa, wajajen Keita ko Bouza, wani gudu dabam zai tarar. Kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke yin ɓarna.

In kana gangarowa, naman gaban cinya shi ne birkinka. Yana miƙewa yana kuma riƙe da nauyin jiki, don haka ƙananan zarurruwansa ke yagewa kaɗan-kaɗan. Ba ka jin komai a lokacin, daɗi ma kake ji iska na kaɗa ka. Sai wajen kilomita 15 ƙafa ta sandare kamar icce, kwana biyu bayan nan kuma ko ruku'u sai da dabara. Maganinsa gajeren taki mai sauri: ƙafa ta sauka ƙarƙashin jiki, kar ka jefa diddige can gaba kana kishingiɗa baya. Ido ya kasance mita uku ko huɗu a gabanka, domin tsakuwar Adar tana zamewa.

Wannan abu ba a koyonsa ranar gudu. Sati shida zuwa takwas kafin tafiya, sau ɗaya a sati, ku ƙetare gadar Kennedy ta Yamai ku nemi tuddan hayin kogi. Hawa shida zuwa takwas, kowane na minti ɗaya ko ɗaya da rabi, a sauko da sassarfa. Daga sati na uku a fara sauko wasu da gudun gaske. Kwana goman ƙarshe a rage.

Hawa kuwa ba shi da wani sirri. Ka manta da agogo, ka saurari numfashinka. In ba ka iya faɗa wa na kusa da kai kalma huɗu ko biyar a jere, ka yi sauri da yawa. Inda dutse ya miƙe sosai, tafiya da ƙarfi ta fi gudun ƙarya, kuma ba abin kunya ba ce.

Daga Yamai zuwa Tawa ya wuce kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Wanda ya wuni a naɗe cikin mota ba ya gudu washegari. A tashi Juma'a, Asabar a warware jiki da sassarfar minti 20, a bi hanyar gudun da mota a ga inda manyan tudda suke, Lahadi a fara da an sallame asuba. Lokacin ɗari, Disamba ko Janairu, shi ne daidai. Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ko a mafarki.

Daren gudu shinkafa ko taliya, abin da ciki ya saba. Kilishi mai yaji da furar da ba ka san ruwanta ba, a bari sai an gama. Na san da wuya a ƙi tayin mai masauki, amma ciki ba ya jin kara. Da safe kunu ko burodi da shayi, awa biyu kafin tashi.

A aje ruwa kowane kilomita biyar. A lita ɗaya a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa, ba kwankwaɗa ba. Bayan minti 45 a fara cin dabino biyu ko uku, a maimaita duk rabin awa. Sabon takalmi ya zauna gida. Wanda za a sa ya bar faɗin ɗan yatsa a gaba, a yanke farce kwana uku kafin nan, in ba haka ba gangara za ta baƙanta shi. Man kaɗe a matsematsi da hammata.

Kar a ce dole a tafi gungu guda. Tudu na farko zai raba ku. A haɗa mutum biyu-biyu masu ƙarfi ɗaya, mota ta bi na ƙarshe. Duk wanda ya fara tangaɗi ko maganarsa ta rikice, a tsayar da shi ko yana gardama, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nufi likita. A hanyar komawa kuma, direba ya riƙa tsayawa duk awa biyu kowa ya sauko ya taka.